DAGA RAMIN DARA ZUWA GILASHIN WAYA: TARIHIN GEM DA TUNANIN YARANMU

Mai karatu, yau ba labarin soyayya na zo maka da shi ba. Wata tambaya ce aka yi mini a tsakar gidana a Gusau, na kasa amsa ta nan take, har ta sa na koma baya shekara talatin da wani abu ina tono.

A shekarar 2021 ƙanwata ta turo mini ɗanta mai shekara goma sha ɗaya daga wani ƙauye a ƙasar Tsafe, domin a lokacin barci a can ya zama sai da ido ɗaya. Yaron bai yi wata biyu a hannunmu ba ya gano wata tsohuwar wayata a cikin akwati, daga ranar kuwa kansa bai sake ɗagowa ba. Rannan uwargida ta aike shi sayen gishiri ya dawo mata da sukari. Ta dube ni ta ce, "Malam, wai wannan gem ɗin ba shi ke cinye wa yaran nan ƙwaƙwalwa ba?"

Dariya ta kusa kuɓuce mini, ba don tambayar ba ta da nauyi ba, sai don na tuna cewa irin maganar da aka yi ta yi a kaina ke nan ina yaro. Don haka bari mu bi abin daga tushe, mu ga yadda wasan ya shigo mana, abin da ya tarar, da abin da ya yi wa tunanin 'ya'yanmu.

Kafin gem akwai dara. Kakana na wajen uwa mutumin Bungudu ne, kuma duk hutun makaranta a ƙarshen shekarun 1980 can ake kai ni. Da an yi la'asar sai dattawa su taru a gindin wata bishiya, a share ƙasa, a haƙa ramuka talatin, layi biyar kowanne da rami shida. Mutum biyu ke bugawa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan ya ɗauki tsakuwa wancan ya ɗauki guntayen kara. Da farko a yi ta sakawa ɗaya bayan ɗaya har 'ya'yan su ƙare, sannan a fara turawa rami guda guda. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokin karawarsa. Dokar ke nan, yaro ma zai iya haddace ta a zama ɗaya. Amma wanda ya iya dara da gaske tun wajen sakawa yake cin wasan, domin yana ajiye ɗa a ramin da ba zai yi masa amfani ba sai bayan turi bakwai ko takwas.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, mutum biyu ke buga dara amma mutum goma ke yin ta. 'Yan kallo na tsaye a kanka. Ka yi gaggawa su yi maka shewa, ka yi dabara su yi maka kirari, ka fusata don an cinye ka su ƙara maka da ba'a har sai ka koyi haɗiye fushi. Bayan an tashi kuma sai a zauna a warware wasan: da ka tura wancan da kaza ta faru. A nan yaro ke koyon hangen nesa, da haƙuri, da bayyana dalilin abin da ya yi a gaban manya. Ba banza Bahaushe ya ɗauko karin maganar "dara ta ci gida" daga wannan fage ba. Su 'yan mata kuma suna da carafke da gaɗa a dandali, mu muna da langa, ga tatsuniya da kacici-kacici da dare. Kowane wasa a cikin mutane ake yin sa.

Na'urar farko da ta shigo hannunmu a Gusau ita ce wadda ake kira Brick Game, 'yar ƙaramar roba mai batir biyu da ake kawowa daga Sin, wadda ta cika kasuwa a shekarun 1990. A jikin kwalin an rubuta wai wasanni dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki, alhali ba su fi 'yan kaɗan ba ana maimaita su. Babban wasan cikinta kwaikwayon Tetris ne, wanda wani Barashe mai suna Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a 1984. Tubala ne iri bakwai suke faɗowa daga sama, kana juya su kana jerawa, layin da ya cika ya ɓace. Ka yi sake su taru su kai sama, wasa ya ƙare.

Da na samu tawa sai na tafi da ita Bungudu don in yi wa yaran gari yanga. Kakana ya daɗe yana kallona ina dannawa, sannan ya ce, "Kai yaro, wanga abu da kaka dannawa, da wa kaka yi?"

Na ce, "Kaka, ni kaɗai ne, da injin nake yi."

Ya ce, "To in ka yi wauta, wa ka yi maka dariya?"

Na ce babu kowa. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ashe ba ka da malami."

A lokacin na ɗauka irin wasan kaka da jika ne kawai. Ka riƙe maganar, mai karatu, za mu dawo kanta.

Daga nan sai zamanin gidan gem. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka cika gari, kuɗi ya fara zagayawa, shaguna suka yi ta buɗewa. A cikinsu akwai 'yan ƙananan ɗakuna masu talabijin biyu ko uku, da benci, da janareta a ƙofa saboda halin Nepa. Da farko na'urorin kaset ne, irin na Nintendo da Sega, ana buga Super Mario da Mortal Kombat. Bayan nan PlayStation ta iso, wadda kamfanin Sony ya fitar a Japan a 1994, mai amfani da faifai. Wasan ƙwallon da ake kira Winning Eleven shi ya kwashe mu gaba ɗaya. Najeriya ta ciwo zinare a Atlanta a 1996, kowa na ji da 'yan wasanmu, kuma duk wanda ya buga wasan nan a wancan zamani ya san rigimar da ake yi kan wa zai ɗauki Najeriya, saboda gudun da aka ba Tijjani Babangida a ciki.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta kuma fara aiki a Janairun 2000, an rufe gidajen sinima, an hana caca da giya. A unguwarmu dai abin da na gani shi ne, samarin da suka saba fita kallo da dare sun koma cika 'yan ɗakunan nan na gem da na kallon ƙwallo.

Gaskiya ɗaya ce, mun koyi abubuwa a ɗakunan nan. Faifan Winning Eleven da yawa da rubutun Japananci suke zuwa, ba wanda ya iya karanta ko harafi ɗaya, amma yaro ɗan firamare zai shiga ya canza 'yan wasa ya tsara tsayuwarsu, don ya haddace inda kowane abu yake. A Mortal Kombat sai ka riƙe jerin dannawa biyar ko shida a ka, ka kuma fitar da su cikin ƙiftawar ido. Sannan gidan gem bai rabu da halin dara gaba ɗaya ba, domin akwai 'yan kallo, akwai shewa, kuma wanda aka cinye shi ke tashi ya miƙa hannun gem ga na bayansa. Uwa uba, kuɗi ke yanke wasa. Nairorinka sun ƙare, ka tafi gida.

Amma ba zan ɓoye nawa laifin ba. A shekarata ta ƙarshe a sakandare na sha fita da kayan makaranta in zarce gidan gem. Akwai ranar da na taɓa kuɗin da mahaifina ya ba ni na littafi. Da sakamakon jarrabawa ya fito na faɗi lissafi warwas, kuma wannan faɗuwar ce ta tsayar da karatuna a inda ya tsaya har yau. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, ni ne gwanin Tetris a ajinmu, wanda har in ana loda kaya a mota ni ake kira in tsara su, amma wannan gwanintar ba ta bi ni ɗakin jarrabawa ba ko da taku ɗaya.

A watan Agustan 2001 wayar salula ta fara aiki a Najeriya, sannu a hankali ta iso mana. A cikin Nokia 3310 akwai wasan macijin nan da ke ƙara tsawo duk lokacin da ya ci abinci. Mun ɗauke shi abin rage lokaci, ba mu san ƙofa ce aka buɗe ba. Da manyan wayoyi masu shafawa suka yi arha, sai gem ya bar shago ya shiga aljihu. Masu cajin waya da masu tura fina-finai a bakin kasuwa suka zama dillalansa, yara kuma suna tura wa juna ta Xender ba ko sisi. Daga baya irin su Free Fire na 2017 da PUBG na waya na 2018 suka zo, waɗanda ake harbe-harbe da mutanen da ba ka taɓa gani ba.

A nan ne babban canjin ya faru, kuma ba a cikin wasan ya faru ba. Birki uku da muke da su duk suka tsinke lokaci guda: babu kuɗin da zai ƙare, babu na baya da ke jiran ka tashi, babu mai shago da zai kashe inji ya ce dare ya yi. Yaro na ƙarƙashin bargo shi kaɗai. Maganar kakana ta tabbata.

To me masana suka gano? Na bi abin da zan iya bi, kuma ga shi a taƙaice. A 2003 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Rochester ta Amurka, Shawn Green da Daphne Bavelier, suka wallafa a mujallar Nature cewa masu buga wasannin harbi sun fi sauran mutane saurin lura da abubuwa da yawa a lokaci guda. Don su tabbatar, suka ɗauko waɗanda ba su saba bugawa ba, suka sa wasu buga wasan harbi awa ɗaya kullum har kwana goma, wasu kuma suka buga Tetris. Masu harbin suka ƙaru a wajen lura da ido fiye da masu Tetris. Sai dai samari ne aka gwada, ba ƙananan yara ba. A 2022 kuma masana daga cibiyar Karolinska ta Suwidin suka duba yaran Amurka sama da dubu tara 'yan shekara tara zuwa goma, suka sake gwada sama da dubu biyar daga cikinsu bayan shekara biyu. Waɗanda suka fi yawan buga gem sun ɗara sauran da kusan maki biyu da rabi a ma'aunin basira. Ƙari ne, amma ɗan kaɗan, kuma kada mu manta yara ne masu zuwa makaranta kullum.

Binciken da ya warware mini tawa matsalar shi ne na Sims da Mayer a 2002. Sun gano cewa gwanayen Tetris sun fi kowa iya juya siffofi a cikin ka, amma siffofin da suka yi kama da tubalan Tetris kawai. Da aka kawo wasu gwaje-gwajen na daban, ba su fi kowa ba. Wato gem na wasa wuƙar da yake amfani da ita, ba ya wasa sauran wuƙaƙen da ke cikin kube. Ga amsar abin da ya same ni a lissafi.

Ta ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka, abin da ya fara aiki a Janairun 2022. Amma ba kowane mai bugawa take nufi ba. Sai wanda ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma yawanci abin ya kai shekara guda. Ƙasar Sin kuwa, inda aka ƙera mana Brick Game, a Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara sha takwas wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Mu a Zamfara, kwanaki kaɗan bayan wannan doka ta Sin, aka yi mana tamu ba tare da mun nema ba. Tun ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangeɓe, aka rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba aka sake ɗaukar ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar baki ɗaya. Kwana biyu bayan nan aka katse sabis ɗin waya a duk faɗin jihar. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, don haka tayar da janareta da cajin waya ma suka zama aiki. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, Tsafe da Bungudu da sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba.

Ɗan ƙanwata ya wayi gari babu makaranta, babu intanet, wayar ma sau da yawa babu caji. Kwana uku yana zagaye gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, abu kaɗan ya fusata. Na ce ya fita ya yi wasa da yara. Ya ce, "Kawu, wane wasa?" Tambayar ta soke ni. Yaron nan bai taɓa yin langa a farin wata ba, domin tun da ya yi wayo ba a barin yara su fita dandali da dare a ƙauyensu. Ƙasar da 'Yandoto take, garin da malamai suka yi suna tun kafin jihadi, yau yaro ya tashi a cikinta babu dandali, makaranta kuma rabi da rabi.

Sai na share tsakar gida na haƙa ramuka talatin. Abin da na gani a makonnin nan ya fi mini duk abin da na karanta. Idonsa ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba, kafin in hango inda uku za su jeru ya riga ya gani. Wannan kyautar gem ce, ba na musu. Amma ba ya iya jira. Yana ganin ci zai kai hannu, ko da tarko na ɗana masa. In wasa ya fara juya masa baya sai ya ce, "Kawu, mu share mu sake," domin ya saba da maɓallin da ke mayar da komai farko. Na ce masa a dara ba a sharewa, abin da ka shuka shi za ka zauna ka girbe har ƙarshe. Na kira yaran maƙwabta suka zagaye mu, suka yi masa shewar da aka yi mini a Bungudu. Ya yi kuka sau biyu. A mako na huɗu ya cinye ni, ya kuma zauna ya faɗa mini tun daga wane rami na yi kuskure. Ranar ce na fara jin yaron nan ya jera magana mai tsawo da dalili a cikinta.

Karatunsa fa? Yana baya, kuma ba dara ba gem da ya gyara wannan. Sai da aka koma makaranta, muka kuma riƙa zama da shi da littafi bayan magariba. Yaron da ya rasa watanni a 2020 saboda korona, ya sake rasa wasu a 2021 saboda 'yan bindiga, zalunci ne a ɗora wa waya duk laifin raunin karatunsa. Mu da muka ga yadda gubar dalma ta kashe yara sama da ɗari huɗu a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa, mun san abin da ake kira cinye ƙwaƙwalwa da gaske. Dokar ta-ɓaci da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana kan ilimi a 2023 ma shaida ce cewa ciwon ya wuce maganar waya.

Ga amsar da na ba uwargida daga ƙarshe. Gem bai cinye wa yaron ƙwaƙwalwa ba, hasali ma ya ƙara masa saurin ido da saurin yanke shawara. Abin da yake ci lokaci ne da barci, abin da ba ya bayarwa kuma shi ne haƙuri, da hangen nesa, da iya magana a gaban mutane. Waɗannan a da dandali da gindin bishiya ke bayar da su kyauta, yanzu kuwa tsoro ya kore mu daga can, waya ta tarar da gurbi ta zauna. Mu marubuta ya kamata mu fi kowa gane haka, domin an sha cewa littattafanmu ne suka hana 'yan mata karatu, alhali da yawansu a cikin littattafan nan suka iya karatun Hausa.

Ban ƙwace wayar ba. Abin da na yi shi ne na mayar mata da birkin da ta rasa. A tsakar gida ake bugawa ba a ɗaki ba, wayar a ɗakina take kwana, kuma lokaci zuwa lokaci ina zama kusa da shi in tambaye shi dalilin abin da ya danna, in ya yi wauta in yi masa dariya. Ramukan daran suna nan, in ruwan sama ya cike su mu sake haƙawa.

Allah Ya jiƙan kakana, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, yaranmu su sake ganin dandali da farin wata. Sai mun haɗu a karo na gaba in Allah Ya kai mu.